Jan-baki

Jan-baki ƙaramin tsuntsu ne mai cin ƙwayar ciyawa, wanda ke yawo garke-garke a yankunan Afirka da ke kudu da Hamadar Sahara. Masana suna kiransa Quelea quelea, kuma yana cikin dangin tsuntsaye masu saƙa sheƙa. Ana ganin babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa, domin an ƙiyasta cewa bayan lokacin ƙyanƙyasa adadinsa kan kai biliyan 1.5.

Suna da rabe-rabe

Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, shi ya fara ba shi sunan kimiyya a 1758, sai dai ya zaci daga Indiya tsuntsun ya fito. A 1850 Reichenbach, masanin ƙasar Jamus, ya mayar da shi rukunin Quelea. Iri uku aka sani: na yamma, daga Senegal zuwa Chadi, wanda shi ne na ƙasar Hausa, na gabas, daga Sudan zuwa Somaliya da Tanzaniya, sai na kudancin nahiyar.

Kamanni

Tsawonsa kamar santimita 12 ne, nauyinsa tsakanin giram 15 da 26. Da rani, namiji da mace kusan kamarsu ɗaya: baya ruwan ƙasa mai zane-zane, ciki fari-fari, baki ja mai kauri. Idan lokacin aure ya zo sai fuskar namiji ta yi baƙi, wasu kaɗan ta yi fari, kansa da ƙirjinsa su ɗauki ja-ja ko rawaya-rawaya. Ita kuwa macen, bakinta ne ke rikiɗa ya koma rawaya.

Abinci da ƙaura

Ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce wadda ta bushe ta zube a ƙasa. Duk tsawon rani da ita yake rayuwa, kuma kullum sai ya sha ruwa, shi ya sa ba ya nisa da tafki ko fadama. Kallon garken yana kiwo abin mamaki ne: na baya su tashi su tsallake na gaba su sauka, na bayansu su ma su yi haka, har garken ya zama kamar hayaƙi yana mirginawa a doron ƙasa.

Wahalarsa tana farawa ne da ruwan farko, domin ƙwayar da yake tsinta takan tsiro gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. A nan yakan ci shinge da sauran ƙwari ya yi ƙiba, sannan ya nufi wuraren da ruwa ya riga ya sauka da makonni, inda ciyawa ta soma yin 'ya'ya. Daga can yake juyowa yana bin damina. Peter Ward, wanda ya yi nazarin tsuntsun a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1960, shi ya bayyana wannan tsari a 1971, kuma har yau a kan bayaninsa ake gina hasashen inda garke zai ɓulla.

Hayayyafa

Yana sheƙa ne a itatuwa masu ƙaya ko cikin dogayen ciyayin ruwa, kuma itace ɗaya kan ɗauki ɗaruruwan sheƙa. Namiji ke fara saƙar da ɗanyar ciyawa, a gama cikin kwana biyu zuwa uku. Galibi mace ƙwai uku take yi, masu shuɗi-shuɗi, a ƙyanƙyashe cikin kwana 9 zuwa 10. Da ƙwari ake fara ciyar da 'ya'yan, kuma cikin kimanin mako biyu sun bar sheƙa. Wannan gaggawa ita ce kariyarsu, domin kafin shaho, borin-tunke da macizai su taru su yi ɓarna mai yawa, yawancin 'ya'yan sun tashi.

Jan-baki da manomi

Idan ƙwayar daji ta yi ƙaranci, garke yakan faɗa wa gero, dawa, shinkafa da alkama, musamman lokacin da ƙwaya take da ruwa-ruwa. Masara ta fi tsira saboda girman ƙwayarta. Jihohin Borno, Yobe, Jigawa, Kebbi da Sakkwato sun sha fama da shi. A fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala, wadda ta bazu bayan gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ta zame masa makwanci mai wuyar shiga. Manoman wurin tun asuba suke gona har faɗuwar rana, suna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, yara na ihu da wurga majajjawa, makaranta kuwa sai an girbe.

Yaƙi da shi

An daɗe ana fesa maganin fenthion da jirgin sama a makwancinsa da dare, a wasu ƙasashe har da nakiya da wuta. Maganin yana kashe wasu tsuntsayen da ba ruwansu, kuma masana da dama suna ganin feshin bai rage yawansa ba, sai dai ya ceci gonakin kusa. A kewayen Tafkin Chadi ana kama shi da raga da dare, a soya ko a busar, a kai kasuwannin Injamena, babban birnin Chadi.