Yaye yaro daga robar abinci a lokacin tafiya ƙasar waje: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk lokacin da iyaye suka kama shirin tafiya, tambayoyin nan ne ke dawo mini, sau da yawa ana saura kwana biyu jirgi ya tashi. Maganata a kan ƙananan yaran da ake ciyarwa ta roba ce, ko wadda ake zurawa ta hanci har cikin ciki, ko wadda likita ya huda fatar ciki ya sa.

Tunda za mu samu hutu a can, mu fara yaye shi daga robar?

A'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan yayen da yunwa ake yin sa, a rage abin da ke shiga ta roba har yaro ya nemi ci da bakinsa. Wato da gangan ake barin sa ya ɗan rame. Wa zai riƙa ɗora shi a sikeli a ɗakin otal?

Zai iya shiga jirgin sama da roba a jikinsa?

Ƙwarai kuwa. Sai dai iskar cikin ciki tana kumbura idan jirgi ya yi sama, don haka mai robar ciki a buɗe masa a fitar da iska kafin a ba shi abinci.

Ba za a ƙwace mana madararsa a filin jirgi ba?

Dokar hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 tana nan a wurare da yawa tun 2006, amma abincin jarirai da ruwan da lalura ta wajabta an keɓe su a yawancin filayen jiragen sama. Ku ware su, ku nuna wa masu bincike tun kafin su tambaya. Ku riƙe wasiƙar likita mai ɗauke da sunan ciwon, irin robar, lambar girmanta da sunan madarar. Kuma don Allah madara, sirinji da injin tura madara ta roba su zauna a jakar hannu. Akwati yana ɓata, yaro kuwa ba zai jira kamfanin jirgi ya nemo shi ba.

Mun riga mun fara yayen, an rage masa kusan rabi, sai ga tafiya ta taso. Mu ci gaba ne ko mu mayar da shi yadda yake da?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba ta da amsa guda. Abu na farko, ba ni zan yanke ba, ba ku ba ne kuma. Likitansa da mai kula da abincinsa za su yanke, kafin ku tashi, a rubuce. Amma ga yadda nake kallon ta.

Idan yana kwanakin farko na ragi, lokacin da yunwa ta fara cizo amma bai iya ci sosai ba, ni dai da a ɗage tafiyar, ko a ɗage yayen. Nan ne ya fi rauni. Wuraren da suka ƙware a yaye da yunwa, irin asibitin yara na Graz a ƙasar Ostiriya, suna yin sa ne da idon ma'aikata a kan yaro kullum, kuma galibi ba a barin ramar ta wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin da ya fara da shi. Ga yaro mai kilo 10, kilo ɗaya ke nan. Gudawar matafiya ta kwana biyu za ta iya cinye wannan tazarar ba tare da yaye ya sa hannu ba. Ga iskar cikin jirgi mai busar da jiki, ga zafin da bai saba da shi ba idan ƙasa mai zafi za ku je.

Idan kuwa ya yi makonni yana ci da baki, nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya ko ya fara hawa, abin da ya rage a roba ɗan ƙari ne da ruwa, to mayar da shi cikakken abincin roba na iya rusa abin da aka gina. Yaron da aka cika wa ciki ba zai buɗe baki ba. A irin wannan, abin da ya fi dacewa sau da yawa shi ne a tsaya cak: kada a ƙara ragewa, kada a koma baya, a riƙe adadin da ake kai har a dawo gida. Na ce sau da yawa, ban ce kullum ba. Yaron da ke da ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda, ko lalurar da sukarin jininsa ke faɗuwa idan ya daɗe bai ci ba, ba ya cikin wannan lissafin sam. Haka wanda magungunansa ta roba suke bi.

Kowanne aka zaɓa, ku nemi likita ya rubuta muku abu uku: mafi ƙarancin ruwan da zai shiga jikinsa a yini, nauyin da idan ya sauka ƙasa da shi za ku ƙara ta roba, da alamomin da za su kai ku asibiti. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Fitsari ya ɗauke na awa shida zuwa takwas, baki ya bushe, kuka ba hawaye, maɗiga ta faɗa, yaro ya yi laushi ba ya son tashi. Da kun ga haka, maganar yaye ta ƙare a ranar. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi ta robar, a haɗa shi daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙunshin, a nemi likita. Maman yaro, ki kwantar da hankalinki, komawa roba na mako guda ba faɗuwa ba ce. Abin da bakinsa ya koya yana nan.

A can ya fara kai hannu kwanon mutane yana ci. Mu cire robar?

Madalla, kuma hakan na faruwa, domin yaro yakan saki jiki idan ya ga ana ci ba a zuba masa ido ba. Ku bar shi ya taɓa, ya lasa, ya ɓata riga. Robar kuwa ku bar ta inda take. Ta ciki ma sai ya yi watanni ba a yi amfani da ita ba ake maganar cirewa. Idan kuma ba a taɓa tabbatar da cewa haɗiyarsa lafiya take ba, kada ku yi gwaji a hanya. Tari ko ƙwarewa lokacin ci, ko muryar da ke gurgura bayan ya sha ruwa, na iya nufin abinci na bin hanyar huhu.

'Yan'uwan da muka je wurinsu sun ce a yi masa ɗura zai saba.

Ba zai saba ba, tsanar cokali zai yi. Yawancin yaran nan abin da bakinsu ya sani shi ne roba, amai da zafi. Ku ce likita ya hana, magana ta ƙare.

Idan ya fizge robar fa?

Ta hanci, wanda aka koya wa ne kawai zai mayar, kuma ba a zuba komai sai an zuƙo ruwan ciki an gwada da takardar gwaji, a ga pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, 5.5 ko ƙasa. Ta ciki ita ce abin gaggawa, domin ramin yakan fara tsukewa cikin 'yan awoyi. Ku tafi da wata irinta, girma ɗaya, kuma ku san asibitin yara mafi kusa da masaukinku tun ranar da kuka sauka. Ku ɗebi sirinjinku da yawa, ba ko'ina bakin sirinji ke shiga bakin robarku ba.

Injin zai yi caji a can?

Ku duba jikin cajar. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Turai 230, bakin soket ma ya bambanta. Ku koyi bayarwa da sirinji ko da injin ya ƙi.

Bambancin lokaci fa?

Ku riƙa matsar da lokacin ciyarwa da awa ɗaya ko biyu kowace rana. Na magani kuwa a tambayi likita.

Dole ne mu faɗa wa kamfanin inshorar tafiya yana da roba?

Dole ne. Idan kun ɓoye, suna iya ƙin biyan kuɗin asibiti.