Niyyar safiya

Niyyar safiya ita ce mutum ya ɗan natsu a farkon yini, kafin hidima ta kwashe shi, ya yanke wa kansa abin da zai sa a gaba da kuma halin da zai riƙe har dare. Ta bambanta da jerin ayyukan da ake rubutawa a takarda, domin jeri yana lissafa abin yi ne kawai, ita kuwa niyya tana tafe da dalilin yinsa.

A Musulunci maganar niyya tsohuwa ce. Imamu Buhari ya buɗe Sahihinsa da hadisin Umar ɗan Haɗɗabi, cewa ayyuka suna tare da niyyoyinsu. Malaman Malikiyya, mazhabar da ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, sun ce muhallin niyya zuciya ne, ba sai an furta ta ba. Game da safiya kuwa, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Sahru al-Gamidi cewa Annabi (SAW) ya roƙi Allah ya sanya wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi Sahru ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, kuma ya yi dukiya. Bahaushe ma cewa ya yi da sanyin safiya ake kama fara.

Al'adar ba ta tsaya ga Musulmi ba. Sarkin Rum Markus Oreliyus, wanda ya yi mulki daga shekarar 161 zuwa 180, ya rubuta wa kansa cewa ya riƙa tunawa kowace safiya zai haɗu da masu shisshigi da butulai da masu girman kai, don kada halinsu ya zo masa ba zato. Benjamin Franklin na Amurka kuma ya tsara wa kansa tashi da ƙarfe 5, ya tambayi kansa wane alheri zai yi a yinin, da dare ya sake tambaya wanne ya yi.

Inda lamarin ya fi ɗaukar hankali shi ne binciken masana halayyar ɗan Adam, domin ya nuna kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta cika kai mutum ga aiki ba. A 1997 Peter Gollwitzer, Bajamushe, da abokiyar aikinsa Veronika Brandstätter sun nemi ɗalibai su rubuta rahoto kan yadda suka yi jajibirin Kirsimeti, cikin kwana biyu. An sa wasunsu su faɗi lokaci da wurin da za su zauna su rubuta. Fiye da kashi biyu cikin uku na waɗannan sun cika alkawari, a cikin waɗanda ba a sa su faɗi ba kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka cika. Wato "yau zan yi karatu" bai kai "bayan La'asar zan zauna a zaure in karanta shafi goma" ƙarfi ba. A 2006 Gollwitzer da Paschal Sheeran suka tattara gwaje-gwaje 94, suka ga dabarar tana da tasiri mai gwaɓi.

Sai dai tana da iyaka, wadda masu tallar ta a intanet kan tsallake. Binciken Amy Dalton da Stephen Spiller na 2012 ya gano cewa amfanin tsarin yana raguwa idan mutum ya ɗora shi kan buri da yawa a lokaci guda, saboda yana fara tsarawa yake hango wahalar cika su duka, sai gwiwarsa ta yi sanyi.