Heteronomy: Asalin Kalmar da Ma'anoninta

Heteronomy kalma ce ta Ingilishi da ke nufin kasancewa ƙarƙashin doka ko jagorancin da ya zo daga waje, wato mutum ko al'umma su riƙa tafiya bisa ƙa'idar da wani ya shimfiɗa musu, ba wadda suka gindaya wa kansu ba. Ba kasafai ake jin ta a hirar yau da kullum ba, an fi cin karo da ita a rubuce-rubucen falsafa, nazarin halayyar yara da kimiyyar harshe.

An ƙera ta ne daga kalmomi biyu na tsohon Girkanci: heteros, mai nufin wani dabam, da nomos, mai nufin doka ko al'ada. Kishiyarta, autonomy, wato cin gashin kai, ta girme ta nesa ba kusa ba, domin tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa Girkawa ke amfani da tushenta wajen siffanta birnin da ke cin gashin kansa. Ita kuwa heteronomy ta shiga Ingilishi ne ta hanyar Jamusanci, bayan da masanin falsafar nan na birnin Königsberg, Immanuel Kant, ya ba ta matsayi a littafinsa na 1785 kan tushen kyawawan ɗabi'u.

A wurin Kant, abin da ake kira waje ya wuce sarki ko alƙali ko mahaifi. Duk abin da ya ja ragamar mutum ban da hankalinsa, ko da son zuciyarsa ne ko kwaɗayin lada ko tsoron hukunci, daga waje yake. Ya kawo misali da mutumin da ya ce ba zai yi ƙarya ba don kada mutuncinsa ya zube, da wani da ya ce ba zai yi ba ko da babu abin kunyar da zai biyo baya. Dukansu sun guji ƙarya, amma na farkon mutuncinsa ne ke mulkinsa, kuma da zarar ya tabbata asirinsa ba zai tonu ba, dalilinsa ya rushe. Wannan matsayi yana da tsauri ƙwarai, shi ya sa masu suka da dama suka ga cewa ya rage wa tausayi da ƙauna daraja fiye da kima.

A 1932 masanin halayyar ɗan Adam Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, ya ɗauki kalmar ya kai ta duniyar yara. Ya riƙa kallon yadda suke wasa, yana kuma ba su labarai biyu: yaron da ya fasa kofi 15 bisa kuskure sa'ad da ya buɗe ƙofa, da wanda ya fasa kofi ɗaya yana ƙoƙarin ɗauko abin zaƙi a ɓoye. Ƙananan yara sukan ce na farkon ya fi laifi saboda ɓarnarsa ta fi yawa, domin a ganinsu doka daga manya take saukowa kuma ba ta sauyuwa. Sai wajen shekara 10 suke soma duba niyya.

Masana harshe kuma suna amfani da kalmar ga karin harshen da masu shi ke duban wani daidaitaccen harshe wajen rubutu da gyaran magana. Yankin Skåne na kudancin Siwidin yana hannun Danmak har zuwa yarjejeniyar Roskilde ta 1658, kuma ana lissafa maganar mutanensa a cikin kare-karen harshen Danmak. Da mulki ya sauya, sannu a hankali aka koma lissafa ta ƙarƙashin harshen Siwidin, alhali bakin mutanen bai sauya dare ɗaya ba. Kusan haka Sakkwatanci da Katsinanci suke dangane da daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi bisa Kananci.