Ba kowace lamba ce "siriyal namba" ba

Kwanan nan duk wanda ya ɗaga kwali a gaban kyamara yana talla, sai ka ji ya ce, "Ku duba siriyal namba, orijinal ne." Har masu sayar da kayan wasan yara sun ɗauki salon. Alhali abin da suke nunawa da yatsa galibi lambar samfuri ce, wadda kamfani ya raɗa wa nau'in kayan gaba ɗaya a kundinsa. Siriyal namba ta abu guda ce tak, irin wadda ke jikin takardar naira, kowace da tata. Ita ko lambar samfuri, ko kwali dubu ɗari aka buga, ita ce a jikin kowanne.

A duba LEGO, kamfanin nan na garin Billund a ƙasar Denmak, mai yin ƙananan bulo na roba da yara ke harhaɗawa. Da can lambobi uku yake sa wa kwalayensa, daga baya huɗu, tun wajen 2013 kuma biyar suka zama ruwan dare. Na farkon su ke nuna dangin kayan: wanda ya fara da 60 na rukunin City ne, 31 na Creator, manyan da ake yi don manya kuma da yawansu da 10 suke farawa. To iyakar abin da za ka karanta ke nan. Ba shekara a ciki, ba farashi, ba yawan bulo. Kwalin ginin Taj Mahal ya fito a 2008 da lamba 10189, aka sake fito da shi a 2017, gini kusan iri ɗaya, aka ce 10256.

Inda abin ya fi ba ni haushi, ni da nake son tsari, shi ne na zamanin da. Wani jirgin sama jannati da suka fitar a 1979, a Turai 928 ne, a Amurka 497. Kaya ɗaya, lamba biyu. Da suka yi sabonsa a 2022 sai suka sa masa 10497 don tunawa da lambar Amurka, ka ga ashe wani lokacin da ra'ayi ma ake zaɓen lambar. Sannan ga akasin haka: 375 ta taɓa zama lambar wata motar dakon kayan sanyi, ita ce kuma aka ba wa wata shahararriyar fada mai ruwan ɗorawa a 1978. Dole masu tara kayan suka riƙa ƙara wutsiya a BrickLink, shafin saye da sayar da kayan LEGO, suna rubuta wa fadar 375-2, don kada a aiko wa mutum mota shi da ya biya kuɗin fada.

Amfanin lambar samfuri dai na gaske ne. Da ita za ka nemo takardar koyon haɗawa a intanet in ta ɓata, da ita za ka kwatanta farashi tsakanin shago da shago. Amma a ce wai ita ce shaidar kaya na asali ne, wannan kam cin fuskar mai saye ne. Lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a shafin kamfani, wace wahala mai jabu zai sha wajen kwafe ta ya manna a kwalinsa?