Yadda ake koyon warware matsala a wurin aiki: amsa ga masu turo min tambaya ɗaya kullum

Tambayoyin nan ba sa canzawa. Ɗaliban SIWES, wato masu zuwa koyon aiki a kamfanoni daga makaranta, suna yin su, sababbin ma'aikata suna yi, har da waɗanda suka fara furfura a bakin aiki. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Baiwa ce ake haifar mutum da ita?

A'a. Koyo ake yi.

To wane kwas zan shiga?

Ka fara da aikin da ke gabanka. Idan kamfaninku yana cikin masu biyan kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi ga ITF, hukumar horas da ma'aikata da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ka tambayi sashen ma'aikata ko akwai horon da za a tura ka. Amma na ga masu satifiket cike da jaka da injin ya tsaya suna kallonsa kawai.

Daga ina ake farawa?

Daga faɗin matsalar yadda take. "Injin ba ya aiki" kuka ne, ba bayani ba. Wane injin? Tun yaushe? Da rana yake yi ko da dare? Me aka canza kafin ya fara, mai ne, kaya ne, ko mai tuƙa shi? Wanda bai iya amsa waɗannan ba bai isa ɗaukar sifana ba tukuna. Yawancinku gaggawar gyara ce ke kashe ku, don a ce kun yi ƙoƙari.

Na ji ana maganar tambayar "me ya sa" sau biyar. Mene ne?

Dabara ce da ta yi suna a Toyota ta hannun injiniyansu Taiichi Ohno. Misalin da ya bayar shi ne injin ya tsaya. Me ya sa? Nauyi ya yi masa yawa, fiyus ya ƙone. Me ya sa? Boris bai samu isasshen mai ba. Me ya sa? Famfon mai ba ya turowa sosai. Me ya sa? Sandar famfon ta cinye. Me ya sa? Ba a sa rariya ba, ɓarɓashin ƙarfe ya shige ciki. Wanda ya tsaya a amsar farko zai sayi sabon fiyus, ya tafi gida da murna, bayan 'yan watanni injin ya sake tsayawa. Kada ku maƙale wa lamba biyar ɗin. Wani lokaci uku sun isa. Kuma duk tambayar da ta ƙare a "saboda wane malalaci ne", ba a gama ta ba.

Zanen ƙashin kifi fa?

Na Kaoru Ishikawa ne, ɗan Japan, ya yi suna a shekarun 1960. Ka rubuta matsalar a kan kifin, ka jera abubuwan da ake zargi a jikin ƙasusuwan: mutane, injina, kaya, hanyar aiki, awo, muhalli. Yana da amfani idan masu riƙe da aikin suna wurin. Idan manya ne kaɗai suka zana shi a ɗakin taro, ado ne. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Zan iya tambayar ChatGPT?

Tambaya. Bai taɓa jin ƙarar injinku ba dai. Kuma kada ka zuba masa sirrin kamfani.

Na bi diddigi, sai na tarar oga ne tushen matsalar. Yaya zan yi?

Yauwa, wannan ce tambaya. Amsarta kuma ta danganta da abubuwa da yawa.

Da farko ka tabbata. Sau da yawa abin da kake gani taurin kai ne a wurin oga, umarni ne daga sama, ko kuɗi ne babu, ko kuma an taɓa gwada shawararka kafin ka zo ta ci tura. Ka tambayi tsohon ma'aikaci a hankali, ba da sigar gulma ba.

Idan ka tabbata, ka same shi shi kaɗai. Ba a gyara wa babba a gaban yaransa, ko da kai ne mai gaskiya. Zai kare mutuncinsa ne, matsalar ta zauna. Ka tafi da lissafi a takarda, ka bar sunaye. Maimakon "Ranka ya daɗe, fayil yana kwana a teburinka", ka nuna ranar da kowane fayil ya shigo da ranar da ya fita, ka ce ko za a ba mataimaki damar sa hannu a kan ƙananan, a gwada na wata ɗaya. Idan ya karɓa ya je taro ya ce dabararsa ce, ka haɗiye. Na san da ciwo.

Sai dai wuraren aiki sun bambanta. A kamfanin gado, inda manajan ɗan maigida ne, wataƙila gara ka bi ta hannun wani dattijo da yake jin maganarsa. A aikin gwamnati kuwa, tsallake shugabanka ka kai magana sama yana iya jawo maka takardar tuhuma ko canjin wurin aiki, ko da abin da ka faɗa daidai ne. Akwai kuma ogan da ko ta ina ka bi ba zai ji ba. Irin wannan, ka gyara abin da ke hannunka, ka fara duba wani wurin a natse. Ban yi maka alkawarin komai ba.

Abu biyu ne ban yarda a yi musu shiru ba: abin da zai iya raunata mutum, da kuɗin da ke ɓacewa da sa hannunka a kai. Waɗannan ka rubuta, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi, idan kuna da ƙungiyar ƙwadago ka sanar da wakilinku. Kada ka kai shi zauren WhatsApp na ma'aikata.

Ina tsoron in gwada gyara ya ƙara lalacewa.

Kwantar da hankalinka, kowa haka ya fara. Ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a injin ɗaya ko a tebur ɗaya, ka duba sakamako kafin ka faɗaɗa. Idan ka canza abu huɗu tare kuma ya yi kyau, ba ka san wanne ne ya yi aikin ba. Ka sanar da shugabanka kafin ka taɓa, ba bayan ka taɓa ba.

Dole ne in riƙa rubutawa?

Dole. Littafin makaranta mai arha ya isa: kwanan wata, abin da ya faru, abin da aka yi, ko ya dawo. A ajiye shi inda masu aikin dare za su gani.