Me ake nufi da zanen "abstre"?

Idan mai zane ya ce aikinsa abstre ne, yana nufin bai kwaikwayi wani abu da ido ya saba gani ba. Babu mutum, babu doki, babu icce, sai launi da layi da haske. Kishiyarsa shi ne zanen kamanni, irin na allunan shagunan aski a nan Maraɗi, inda ake fitar da ƙeya da gemu har mai wucewa ya nuna da yatsa ya ce irin wannan za a yi masa.

Da yawa suna ɗauka wanda zanen kamanni ya gagara ne ke fakewa da abstre. Aikin Gerhard Richter ya isa ya ƙaryata wannan zato. Bajamushe ne, an haife shi a Dresden a 1932, ya tsere daga Jamus ta Gabas zuwa ta Yamma a 1961. Yakan kwafi hoton kyamara da fentin mai har ka rantse hoto ne, sannan tun fentin bai bushe ba ya bi shi da busasshen buroshi, ya dusashe gefunan da gangan. Dubi kyandirorin da ya zana a 1982 da 1983. Harshen wutar ɗan fari ne da rawaya kawai, amma da yake ya dishe duk abin da ke kewaye da shi, sai ido ya yarda cewa wuta ce ke ci. Ruɗin ke nan, kuma a gwama haske da duhu yake, ba a tsadar fenti ba.

Shi ɗin dai ne ke yin abstre. Yana jibga launi bisa launi, ya ɗauko doguwar makankara mai faɗi ya ja ta daga wannan gefe zuwa wancan. Fentin sama ya yayyage, na ƙasa ya leƙo, shi kansa bai san abin da zai fito ba sai ya ɗaga hannu. A 2015 an sayar da irin wannan guda ɗaya a Landan sama da fam miliyan 30, kuɗin da ni dai ban ga zanen da ya cancance su ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Aska takwas a ƙirjin riga da zayyanar bangon gidajen Birni a Damagaram ba kamannin kowa suke ɗauke da shi ba. Sai dai su tsari ne sananne da yaro ke koya wurin maigidansa, Richter kuwa yana bar wa sa'a rabonta. Tagar da ya yi wa babbar majami'ar birnin Kolon na Jamus a 2007 ma haka take: ƙananan gilasai kusan 11,500 masu launi 72, kwamfuta ta jefa ƙuri'ar jerinsu, rana ce ke ƙarasa aikin. Babban limamin majami'ar na lokacin, Kadinal Meisner, bai so ta ba. Ya ce ta fi dacewa da masallaci.