Waiwaye: Kwalejin Eastman da Yadda Aka Koyar da Kasuwanci a Amurka

A shekarar 1859 ne Harvey Gridley Eastman ya buɗe makarantar koyon kasuwanci a Poughkeepsie, wani gari da ke bakin kogin Hudson a jihar New York ta Amurka. Sana'ar ta gado ce, domin baffansa George W. Eastman, mahaifin mutumin da ya kafa kamfanin Kodak, ya riga shi buɗe irin wannan makaranta a Rochester.

Zamanin ya dace da shi. Layin dogo na ta miƙewa, bankuna da kamfanonin inshora na ƙaruwa, ga kuma buƙatar akawu da magatakarda masu kyan rubutu, alhali jami'o'in lokacin sun fi mayar da hankali kan harsunan Latin da Girkanci. Abin da ya fitar da sunan Eastman shi ne tsarin karatunsa. Bayan ɗalibi ya ƙware a lissafi da adana littattafan ciniki, sai a damƙa masa jari na kuɗin wucin gadi da makarantar ta buga, ya shiga wani babban zaure mai banki da gidan waya da ofisoshin fatake, ya saya ya sayar, ya ci bashi ya biya, har ya ga riba ko faɗuwa a littafinsa. Wanda ya taɓa karyewa a wannan zaure ba zai manta da darasin ba, kuma a nan hikimar tsarin take.

Eastman gwanin talla ne, wani lokaci har ya wuce gona da iri. Ya cika jaridu da sanarwa, ya kafa ƙungiyar masu busa da kiɗa da sunan makarantar, daga baya kuma ya zama magajin garin Poughkeepsie. Bayan rasuwarsa a 1878 makarantar ta ci gaba, inda Clement C. Gaines ya daɗe yana jagorancinta. Cikin ɗalibanta akwai Sebastian S. Kresge, wanda shagunansa suka zama kamfanin manyan kantuna na Kmart.

Sannu a hankali kasuwar ta juya. An kafa makarantar koyon kasuwanci ta Wharton a Jami'ar Pennsylvania a 1881, Jami'ar Harvard ta buɗe tata a 1908, makarantun sakandare na gwamnati kuma suka fara koyar da buga tafireta da aikin akawu kyauta. Kwalejin Eastman ta rufe ƙofofinta a 1931, a tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya.